Kwamfutar Auta da Tsummana

Litinin, 3 ga Maris

Auta ta dawo daga wurin mai ɗab'in nan, mai buga littattafan makaranta da kwalayen sabulu, bakinta ya ƙi rufuwa. Wai ya ga zanen da take yi ya yaba. Ya ba ta aikin gwaji, littafin yara mai hotuna, ta tsara masa ta kai Alhamis ta sama. In ya yi masa, zai riƙa ba ta aiki tana yi daga gida. Daga gida fa. Nan ɗakin da ke kallon nawa.

Matsalar ita ce 'yar kwamfutarta ta cinya, wadda yayanta ya bar mata. Tsohuwa tukuf. In ta buɗe hoto sai na dafa shayi na shanye kafin ya fito. Ta ce sai babba, ta tebur.

Shi kuma babansu tun da ta gama makaranta maganarsa ɗaya ce, ta tafi wurin yayanta ta zauna masa a kanti, can garin da sai an yini a mota. Yau ya ce to, zai saya. Amma in aikin nan bai yiwu ba, ba ƙarin magana, ta haɗa kayanta. Ta ce ta yarda. Ko kallona ba ta yi ba ta ce ta yarda.

Duk sun watse, ita kaɗai ta rage min. In ta tafi da wa zan yi faɗa?

Talata, 4 ga Maris

Sabuwar rigima. Shi yana nufin a je a ɗauko kwamfuta a kwalinta, a jona, shi ke nan. Ita kuma wai a'a, gunduwa-gunduwa za ta sayo ta haɗa da kanta, ya fi ƙarfi kuma ta san abin da ke ciki. Ya ce ke ɗin? Ta ce ni ɗin. Ya ce abin da kamfani ya haɗa shi ne za ki raina? Sai ta ce Baba, kai da kake kafinta, kujera a haɗe kake sayowa ka sayar?

Na ruga kicin don kada ya ga dariyata.

Can da yamma na gan shi a ɗakinta da tef yana auna bango. Na ce me ake yi? Ya ce ina ruwanki. Tebur zai yi mata, na san shi.

Laraba, 5 ga Maris

Na raka ta kasuwar 'yan kwamfuta. Ta ce ba sai na je ba, na ce sai na je, ke ba ki iya ciniki ba, duk abin da aka faɗa miki sai ki ce to.

Wayyo ƙafata. Bene ne, matakala siririya, shaguna kamar ramuka, waya ko'ina har a ka. Ga ƙaurin dalma. Kowa Mama zo nan, Mama me ake nema. Ita ta san inda za ta, wani mai ƙiba da tabarau a goshi, wai a waya suka yi magana.

Ni dai abin da na gane. Akwai wani ɗan abu kamar biskit, wai shi ne ƙwaƙwalwar, kuma ya fi komai tsada. Shi kuma ƙaton akwatin da za a zuba su ciki shi ne mai arha. Na ce duniya ta juye. Akwai wani faranti mai gidaje-gidaje kamar gari an hango shi daga sama, a kansa ake dasa komai. Akwai wasu 'yan sanduna, ram ko me, ta ce a ba ta manya. Mai shago ya ce ƙanana ma sun isa. Ta ce Umma kin ga wannan kamar faɗin tebur ne, in tebur ya yi faɗi sai ki baza aiki ba sai kin yi ta kwashewa ba. Na ce a ba ta manyan. Wannan na gane shi sarai.

Na ga wani akwati mai gilashi, fitilu ja da shuɗi suna zagayawa, kai ya yi kyau. Na ce wannan za mu ɗauka. Ta ce Umma aiki zan yi, ba gidan rawa zan buɗe ba. Ta ɗauki wani baƙi ƙirin kamar akwatin mai gyaran takalmi. Oho dai.

Ciniki kam na yi. Mai shago ya ce Mama ke da kin zo kasuwar nan da zama da duk mun rufe. Na ce to rage. Ya rage.

Abu ɗaya ne ba mu samu ba, akwatin wuta mai raba wa sauran lantarki. Ya ɗauko wani ya ce ga shi duk ɗaya ne. Ta ɗaga a hannu ta ce wannan ba nauyi kamar gwangwani, ba zan sa wa kayana ba. Ya yi dariya ya cire tabarau ya sake kallonta. Ya ce gobe ta dawo. Ya kuma ce in kin haɗa wani abu ya ƙi, kada ki yi ta kwance-kwance, ki kawo min yadda yake, in ba haka ba ba ruwana.

A mota ta rungume kwalin ƙwaƙwalwar kamar jinjiri.

Alhamis, 6 ga Maris

Ta koma karɓo akwatin wutan. Tebur ya iso tun safe, har da wani ɗan rami ta baya na wucewar waya, wai shi da ba ya so. Ta baza kayan a kai kafin ta fita, kwalaye a buɗe, ledoji a ƙasa, ga garin katako ko'ina. Na ce ba za a fara sabon abu cikin ƙazanta ba. Na share, na goge tebur, na ɗaga kowane abu a hankali na mayar inda yake.

Kai 'yan kasuwa ba tsoron Allah. Akwai wata fanka mai ƙarfe a gindi, sabuwa wai, a kwalinta. Na juya ta sai ga datti a ƙasan, toka-toka, maƙale kamar kashin ƙadangare. Har sun rufa masa 'yar roba don kada a gani. Na cire robar na sa tsumma, ya ƙi, na ɗan jiƙa na dirje shi tas. Yanzu har fuskata nake gani a ciki. Na mayar da robar.

Ban gaya mata ba, kada ranta ya ɓaci da mai shago.

Juma'a, 7 ga Maris

An haɗa!

Tun bayan karin safe take ciki. Ta cire zobe da awarwaro, ta taɓa ƙarfen taga kafin ta taɓa komai, wai don kada wutar jikinta ta kashe kayan. Na ce ni ban san ina haifan masu wuta ba. Ta ce Umma don Allah ki riƙe min tocila ki yi shiru. Na riƙe tocila. Shirun ne dai.

Ta ɗauko biskit ɗin nan za ta sa a gidansa. Na yi ta addu'a a ciki. Ya zauna. Ta cire robar ba ta ko duba gindin ba, ta ɗora masa fankata mai sheƙi, ta ce wannan a shirye ta zo ba sai an yi mata komai ba, ta danna ƙafafun, ɗaya ta yi ƙas na ce ta karye, ta ce a'a shiga ta yi. Sai wayoyi, sirara kamar taliya, kowacce da gidanta. Wani ɗan kusa ya faɗa ciki muka yi ta girgiza akwati kamar masu neman canji a asusu.

Da za ta kunna babansu ya shigo wai neman fensirinsa. Fensirin na bayan kunnensa.

Ta danna. Fanka ta juya. Shiru, allo baƙi. Sai ga rubutu ya fito. Ta yi ihu ta rungume ni har tocila ta faɗi. Babansu ya ce hm, to ba laifi, ya fita. Ina jin sa a waje yana gaya wa maƙwabcinmu wai 'yarsa ta ƙera kwamfuta.

Alhamdulillahi. Yau na ci abinci da daɗi.

Asabar, 8 ga Maris

Ban san ta ina zan fara ba.

Ta gama sa mata abubuwan aiki, ta buɗe littafin yaran. Da farko kamar walƙiya, tana ta kirana in zo in gani. Ba a jima ba fanka ta fara kuka kamar injin niƙa, abu ya fara jan ƙafa, sai ɗif. Ta mutu. Ta kunna, ta tashi, ta fara aiki, ɗif. Haka aka yini. Shafin da ta yi wahala a kai ya tafi.

Ta ce zafi take yi, ta gani a rubuce, amma ga fanka na juyawa, to me ke nan? Ta buɗe gefen akwatin, ta kawo fankar falo ta saita. Ni har fifita na yi mata da murfin kwali. Ba ta daina ba. Ta ce ko dai ƙwaƙwalwar jabu ce, ko ni na lalata wani abu da hannuna. Na ce ki kwance ki duba mana. Ta ce kin manta abin da mai shago ya ce? Ta kira shi, waya a kashe. Sai Litinin.

Babansu bai yi faɗa ba, da ma ya yi. Ya tsaya bakin ƙofa ya ce da an ɗauko ta kwali da yanzu ana aiki. Ya juya. Can na ji shi yana waya da yayanta, wai a gyara ɗakin baya.

Na ce haba Malam, tun yanzu? Ya ce magana muka yi da ita, ba da ke ba.

Lahadi, 9 ga Maris

Ta koma kan tsohuwar ta cinya. Ba ta ci komai ba. Na ga ta sauko da jakar tafiya daga kan kwaba, wai ƙura za ta kaɗe.

Litinin, 10 ga Maris

Bari in zauna in rubuta wannan da kyau, ko da yake kunya kamar in nutse.

Mun ɗauki akwatin a motar haya, ni da ita, na lulluɓe shi da zani. Da ƙyar muka hau benen nan. Mai shago ya ga fuskarta ya ce subhanallahi, me ya faru? Ya kira maƙwabcinsa mai gyara, wani dogo mara magana. Mai gyaran ya buɗe, ya leƙa, ya ce wa ya haɗa? Ta ce ni, murya ƙasa-ƙasa. Ya ce wayoyin nan sun kwantu, ba laifi a nan. Ya kunna, ya duba wani abu a allo, ya kashe da sauri. Ya kwance fankar ya juya ta.

Tana ta sheƙi abinta. Har na ji daɗi.

Ya ce ina man?

Auta ta ce da shi ta zo, na gani da idona ranar da muka saya. Mai shago ya ce wallahi da shi ta fita daga nan, ni ban taɓa buɗe ta ba. Auta ta ce to aljani ne ya lashe? Murya ta fara tashi, mutane sun fara leƙowa. Mai gyara ya ce wani abu ne toka-toka ake shafawa a nan, shi ke kwashe zafin ƙwaƙwalwa ya miƙa wa fanka, in babu shi fanka iska kawai take kaɗawa.

Ni fa har lokacin ban gane ba. Sai na buɗe baki da ƙarfina, ina kallon mai shago, na ce toka-toka? Dattin nan da kuka rufe da roba? Ai ni na goge shi, sai da na jiƙa tsumma ma ya fita.

Kowa ya juyo yana kallona.

Mai shago ne ya fara dariya. Ya kifa kai a kan teburin shago yana bubbuga shi. Mai gyara ya juya baya kafaɗarsa na rawa. Wani daga waje ya ce me aka yi, aka gaya masa, ya tafi ya gaya wa na gaba. Ina jin dariya na tafiya shago-shago har ƙarshen layi.

Auta ba ta yi dariya ba. Ta zauna a kan wani kwali ta rufe fuska. Ta ce Umma. Umma kawai ta ce. Ni kuwa sai lokacin lissafin ya zo min, ashe ni ce na kusa sa ta a mota da hannuna.

Na ce wa mai gyara, malam don girman Allah, na ƙona mata? Ya ce bari mu gani Mama. Ya ɗauko wani ɗan abu kamar sirinji, ya ɗiga ɗis ɗaya kamar ƙwayar wake a kan biskit ɗin, ya miƙa wa Auta fankar ya ce ke kika fara, ke za ki ƙarasa. Ta share ido ta ɗaura. Aka kunna. Ya sa mata wani aiki mai nauyi ya ce mu jira.

Jiran nan. Mai shago ya sayo min lemo na kasa sha. Ina ta sauraron fanka ko za ta fara kukan nan. Ba ta yi ba. Sai wani ɗan huci a hankali kamar yaro na barci. Mai gyara ya ce lafiyarta ƙalau, ita da kanta take kashe kanta in zafi ya yi yawa don kada ta ƙone. Na ce ashe ta fi ni hankali. Ya ce ni ban faɗa ba.

Da za mu tafi mai shago ya ce Mama in kin samu lokaci ki zo ki goge mana shago, amma mu za mu nuna miki wurin. Na ce Allah ya shirye ka.

A mota ta juya tana kallon taga. Na ce yi haƙuri. Na ce sabo ne, na ga datti, ya zan yi? Sai na ga kafaɗarta na motsi, na zaci kuka ne. Ashe dariya ce ta ci ƙarfinta. Ta ce Umma har da jiƙawa? Na ce ya ƙi fita ne. Direba ya yi ta kallonmu ta madubi.

Talata, 11 ga Maris

Ni na gaya wa babansu da bakina, kafin ta riga ni. Ya ajiye cokali ya kalle ni ya ce wato ba yarinyar ba ce? Na ce ba ita ba ce, mai gyara ma ya ce haɗinta ba laifi. Ya ce ni shekara da shekaru ina neman takardun awona, ashe ke ce kike share su. Na ce wannan kuma wata magana ce. Na miƙa masa wayarsa na ce kira yayanta ka ce a bar ɗakin baya yadda yake. Ya ce sai Alhamis. Na ce to sai Alhamis ɗin.

Tun safe take aiki. Ba ɗif ko ɗaya. Duk sanda na wuce sai na kasa kunne.

Laraba, 12 ga Maris

Lokaci ya ƙure mata saboda ni. Na kai mata abinci har tebur, ta ci da hannu ɗaya. Na ga hoton wani ɗan akuya da ta yi da jar hula, na ce akuya da hula? Ta ce na yara ne Umma. Ya yi kyau dai.

Alhamis, 13 ga Maris

Ta gama da azahar, ta sa a ɗan abin nan kamar maɓalli ta fita a guje, ɗankwali a karkace. Na yi wanki da ba ya buƙatar wanki. Na jera kofuna na sake jerawa.

Ta dawo ta ce ya karɓa, ya ce zai duba ya kira. Zai duba! Mutum ya duba a gabanka mana.

Juma'a, 14 ga Maris

Ya kira. Ina kicin na ji ta ce na'am ranka ya daɗe, to, to, na gode, in sha Allahu. Ta fito ta tsaya tana kallona, ta ce wai shafi biyu zan gyara, launin ya yi duhu. Na ce shi ke nan an fasa? Ta ce a'a Umma, ya ba ni wani littafin, har da kwalin sabulu.

Na zauna a ƙasa nan inda nake, ludayi a hannu.

Babansu da ya dawo ya ji, sai ya ɗauki waya ya fita waje. Ina ji yana ce wa yayanta ka nemi wani ya zauna maka, ƙanwarka ba ta da lokaci. Ba ta da lokaci wai. Ya shigo ya ce teburin nan na ga kamar yana son aljihu.

Jakar tafiya ta koma kan kwaba. Ni na mayar.

Asabar, 22 ga Maris

Kwana biyu ban rubuta ba, ba wani labari. Gida lafiya. Gwiwata ce dai. Auta aiki ya yi mata yawa, mutane har kiranta suke yi a waya suna ce mata malama.

Ɗazu na haɗa mata shayi na kai, na tarar ƙofa a rufe. Na ƙwanƙwasa. Ta ce waye? Na ce ni ce. Can ta zo ta buɗe da kanta tana kallona kamar ta ga baƙuwa. Ta ce Umma ke ce kika ƙwanƙwasa? Na ce kofi ne a hannuna shi ya sa. Ta kalli ɗaya hannun. Na ce karɓi kafin ya huce, ina da abu a wuta.

Ba komai a wuta. Na ja mata ƙofar na dawo.